Yadda Ake Ƙera Jirgin Waya na Gasar Sauka kan Dandamali, da Yadda Ake Saita Shi a Kumasi

Jirgin waya ƙaramin jirgin sama ne mai inji da farfela. Mai tuƙa shi yana tsayawa a tsakiyar fili riƙe da mariƙi, siraran wayoyin ƙarfe sun haɗa hannunsa da fuffuken hagu, jirgin yana ta kewaya shi. Ka karkata wuyan hannu sama, jirgi ya ɗaga hanci. Ka karkata ƙasa, ya sunkuya. Jim Walker na garin Portland a Amurka ne ya yaɗa wannan wasa da jirginsa Fireball a 1940. A farkon shekarun 1950 kuma rundunar sojan ruwan Amurka ta ɗaure wa wata gasa gindi, inda ake kwaikwayon jiragen yaƙi masu tashi da sauka a bayan jirgin ruwa. Ita ce gasar da muke magana a kai, kuma dokokin AMA, ƙungiyar masu wasan ƙananan jirage ta Amurka, zan bi.

A tashi ɗaya ana neman abu uku daga jirgi ɗaya. Ya yi zagaye 7 da iyakar gudunsa, ya yi wasu 7 a hankali iyakar yadda zai iya ba tare da ya taɓa ƙasa ba, sannan ya sauka a kan dandamalin katako, ƙugiyar da ke wutsiyarsa ta kama igiya. Tsawon waya ƙafa 60 ne, wato mita 18.3, don haka zagaye 7 kusan rabin mil ne. Ka raba 1800 da yawan sakan ɗin da jirgi ya ɗauka, ka sami gudunsa a mil cikin awa.

Yaran unguwannin Aboabo da Asawase a nan Kumasi da suka fara sha'awar abin duk inji mai ƙarfi suke tambaya. To mu yi lissafi. Jirgin da ya gama zagayen gudu a sakan 22 ya yi mil 82 a awa, maki 82 ke nan. Idan ya yi zagayen rarrafe a sakan 120, mil 15 ke nan. A raba gudu da rarrafe a ninka sau 10, ya ba da maki kusan 55. Ka kashe kuɗi ka rage sakan 2 daga zagayen gudu, ribarka ba ta wuce maki 14 ba. Amma ka zauna ka saita jirgin har rarrafensa ya kai sakan 240, ka ƙara maki 55 ba ka sayi komai ba. Sauka mai kyau kuwa ita kaɗai maki 100 ce. Saboda haka duk abin da zan faɗa a ƙasa, rarrafe da sauka yake yi wa hidima.

Matsalar rarrafe ɗaya ce: waya tana saki. Jirgi mai nauyin kilo 1.2 da ke gudun mil 80 yana jan hannunka da ƙarfin fiye da kilo 8. Da ya sauko mil 15, jan da gudu ke bayarwa bai wuce giram 300 ba, ga nauyin wayoyin kansu yana janyo fuffuken hagu ƙasa. Da zarar waya ta yi sako-sako, hannunka ba shi da iko da komai, jirgi zai shigo maka cikin da'ira. Sai ka ƙera shi yadda shi da kansa zai riƙa neman gudu waje.

Wane aji, wane jirgi

Akwai aji na ɗaya mai inji har zuwa girman .40 a awon inci, wato sisi 6.5, da aji na biyu mai inji har zuwa .65. Waɗannan biyun sai an yi musu cikakken jiki irin na jirgin gaske, aiki ne na wanda ya goge. Ka fara da aji mai faifan jiki, wanda gangar jikinsa falankin katako ne guda a tsaye. Injinsa ba ya wuce .36, fuffukensa ba ya wuce inci 50 a tsawo, faɗin fuffuken gaba ɗaya ba ya gaza inci murabba'i 300, nauyinsa kuma ba ya haura fam 4, wato kilo 1.8. Ni dai idan jirgi ya haura kilo 1.3 na fara ɓata rai.

Siffar da ta fi sauƙi ita ce ta Martin MO-1, jirgin leƙen asirin sojan ruwan Amurka na farkon shekarun 1920. Ba shi da kyan gani, gaskiya. Amma fuffukensa a kafaɗa yake, jikinsa miƙaƙƙe ne, akwai fili a ƙarƙashin fuffuke da za a jera duk kayan sarrafawa a waje inda hannu ke kaiwa. Shi ya sa ya cika filayen gasa. Mai son siffar jiragen yaƙi irin su Hellcat ko Skyraider ya bari sai jirgi na biyu.

Ga awon da zai fisshe ka: fuffuke santimita 100 a tsawo, 21 a faɗi, kaurinsa 2.5 zuwa 3 a inda ya fi kauri, wato kashi ɗaya bisa uku daga goshinsa. Gangar jiki santimita 70. Kwantacciyar wutsiya 45 a tsawo, 11 a faɗi, kusan rabin faɗin ya zama leɓe mai motsi.

Katako da sauran kaya

Turawa da katakon balsa suke ƙerawa, kuma odarsa daga waje tsada. Mu a nan muna da katakon wawa, wanda Ingila ke saye da sunan obeche, masu ƙera jiragen wasa na can sun daɗe suna lulluɓe fuffuke da shi. Ya ninka balsa nauyi sau biyu ko fiye, amma ya fi shi ƙarfi, don haka inda zane ya ce milimita 6 na balsa, kai ka sa 3 na wawa. Je Sokoban, kasuwar katako, da ɗan sikelin kicin a jaka. Ka ɗaga falanki biyar shida masu girma ɗaya ka auna, ka ɗauki mafi sauƙi, busasshe, mai miƙaƙƙen zare, wanda babu ƙananan ramukan ƙwaro ko shuɗin tabo a jikinsa. Masu injin zarto za su tsaga maka shi a kaurin milimita 12 da 3. Ka nemi siririn ɓawon wawa da ake yi wa kujeru da ƙofofi ado, mai kaurin kusan milimita 0.6. Ƙurar wawa tana tayar wa wasu da asma da atishawa, ka rufe hanci idan kana goga samfefa.

Sauran kayan: farar kumfa irin wadda ake sa wa ɗakin sanyi, filawud na milimita 3 mai kyau, gam mai haɗi biyu irin Araldite mai jinkirin bushewa, farin gam na kafinta, wayar ƙarfen sifirin ta milimita 3 da ta 2.4, wayar ƙafar babur, gutsuren alminiyam mai kaurin milimita 2, da dalma. Kayan ƙarfe duk Suame Magazin za ka same su. Ka gaishe da masta da kyau, ka nuna masa zane a takarda, ka ce masa wayar da in an lanƙwasa ta kaɗan za ta koma yadda take kake so, ba wayar gini ba.

Batun inji kuwa sai ka yi wa kanka gaskiya. Injin mai yana shan haɗin methanol da man zurma da ɗan nitromethane, kuma irin wannan mai ba a aiko shi ta jirgin sama kamar sauran kaya. In kana da hanyar samunsa, inji .32 zuwa .36 mai kafireta da farfela mai lamba 9x6, wato mai tsawon inci 9, ya isa. In babu, ka koma lantarki, akwai ajinsa: inji marar burushi mai faɗin milimita 35, na'urar ESC mai sarrafa gudun injin, ta amfiya 50 ko 60, batirin LiPo mai gida huɗu na kusan mAh 2200. Ga mai zama a Kumasi ni lantarki nake ba shawara, kuma akwai wani dalili na biyu da zai zo a gaba.

Fuffuke

Yanke siffar fuffuke guda biyu daga filawud, ka goge bakinsu sumul, ka raba kowanne da lambobi 1 zuwa 10 daga goshi zuwa ƙeya. Ka kafe su a gefe biyu na kumfa mai tsawon santimita 50. Ɗaura wayar hita a bakan katako, ka jona ta da batirin mota, mutum biyu su ja ta a kan siffofin, ɗaya yana kiran lamba don kada wani ya riga wani. Idan waya ta yi zafi da yawa za ta ci kumfar fiye da kima. Idan ta yi sanyi za ta ja baya a tsakiya fuffuken ya fito da tudu. Ka gwada a gutsure tukuna. Kada ka zubar da ɓawon kumfar na sama da na ƙasa, su ne gadon da za ka matse fuffuken a ciki.

Shafa gam mai haɗi biyu a ɓawon wawa, ka kankare shi da tsohon katin waya har ya zama kamar babu. Gam nauyi ne. Kada ka kusanto da sufa gulu ko gam ɗin masu takalmi, narkar da kumfa suke yi nan take. Ka jera gado na ƙasa, ɓawo, kumfa, ɓawo, gado na sama a kan tebur mai shimfiɗaɗɗen kai, ka ɗora falanki da bulo, ka bar shi kwana ɗaya. In teburin a karkace yake, fuffuken ma haka zai fito, kuma babu saitin da ke gyara murɗaɗɗen fuffuke. Da damina ka ƙara masa kwana, katako a Kumasi yana shan raɓa.

Bayan ya bushe ka manna sandar wawa a goshi da ƙeya, ka fere goshin ya zama zagaye, kada ka yi masa kaifi. Goshi mai kaifi yana sa jirgi ya faɗi farat ɗaya idan ya rage gudu. Haɗa rabi biyun a miƙe, ka naɗe mahaɗar da ƙyallen gilashi ko siririn yadin nailan da gam, faɗin tafin hannu. A ƙarshen fuffuken dama ka huda ɗan akwati mai murfi wanda zai ɗauki dalma har giram 90.

Gangar jiki, ƙafa da ƙugiya

Zana jikin a falankin milimita 12 ka yanke. Daga ƙeyar fuffuke zuwa wutsiya ka huda manyan ramuka don rage nauyi, saboda giram 10 a wutsiya sai an sa kusan 30 a hanci kafin a rama. A gaba ka dasa sanduna biyu na katako mai tauri inda inji zai zauna, ka manna filawud gefe da gefe daga hanci har ya wuce tsakiyar fuffuke. Ka yi wa ƙarshen filawud ɗin gangare, kada ya tsaya da kaifi, nan jiki ke karyewa. Ja layi ɗaya miƙaƙƙe daga hanci zuwa wutsiya: inji, fuffuke da kwantacciyar wutsiya duk a kan layin nan za su zauna babu karkata sama ko ƙasa. Injin mai a kwance ake ɗaura shi, kansa na kallon dama, tanki mai ɗaukar mililita 100 zuwa 120 a bayansa, tsakiyar tankin daidai da kafireta.

Ƙafafu daga wayar milimita 3, tayoyi masu faɗin santimita 5 ko 6, a gaba da goshin fuffuke kaɗan. Ka ɗaure su da noti ta cikin filawud, ba da gam kaɗai ba. Saukar wannan gasa faɗowa ce da gangan, ƙafa ce ke shan wuya.

Ƙugiya daga wayar 2.4, tsawonta kada ya wuce kashi ɗaya bisa uku na tsawon jiki. Gindinta ya juya a cikin guntun bututun tagulla da aka dasa ta cikin jiki a bayan fuffuke, inda aka ƙarfafa da filawud. Bakinta ya lanƙwashe sosai yadda igiya in ta shiga ba ta fita. Abu biyu ake mantawa: matsayi da zai hana ta wuce digiri 60 zuwa 70 idan ta sauko, da roba mai ƙarfi da za ta danne ta ƙasa. Ƙugiyar da babu roba tana dukan katako ta yi tsalle ta haye igiyoyi goma ɗaya bayan ɗaya. A lokacin gudu kuwa tana maƙale a sama da wani ɗan harshen waya da ke jone da sandar da ke tura leɓen wutsiya, yadda in ka fizgi mariƙi ƙasa gaba ɗaya na ƙiftawar ido, za ta saki.

Kayan sarrafawa

Belkiran ɗan faranti ne mai kusurwa uku da ke juyawa a kan noti: wayoyi biyu na jan ɓangarorinsa, shi kuma yana tura sanda zuwa leɓen wutsiya. A wannan gasa ana buƙatar totur kuma, shi ya sa aka saba da tsarin waya uku irin na J. Roberts, wanda kamfanin Brodak na jihar Pennsylvania ya daɗe yana sayarwa: mariƙi mai kunama a yatsa, waya ta uku tana buɗe totur tana rufewa. Dokokin yanzu sun yarda a sarrafa totur da rediyon 2.4 GHz, muddin leɓen wutsiya na hannun wayoyi. Wannan ya sauƙaƙa mana: belkiran na alminiyam mai inci 3 da ka yanke da kanka, wayoyi biyu, da ƙaramin rimot irin na motar wasa a rataye a ƙugu ko a hannun hagu.

Ka dasa farantin filawud ta cikin jiki a ƙarƙashin fuffuke, notin belkiran ya zauna santimita 1 zuwa 2 a bayan cibiyar nauyi, wato inda jirgi ke daidaita in an ɗora shi a kan yatsu. Wannan noti shi ke riƙe da jirgin duka, ka sa masa wosha da noti biyu. Sandar turi daga wayar ƙafar babur, da madogari a tsakiya don kada ta lanƙwashe idan ana tura ta. Leɓen wutsiya ya motsa digiri 30 sama, 30 ƙasa, ya kuma faɗi da nauyinsa idan ka sake shi. Idan yana cijewa a hannu, a rarrafe ba zai motsa ba sam.

Sai babban sirrin, wato mazamin waya. A ƙarƙashin bakin fuffuken hagu ka kafa layin dogo na wayar ƙarfe, daga kusa da goshi zuwa ƙeya. A kansa akwai ɗan faranti mai ramuka da wayoyi ke bi su fita. Lokacin gudu yana kulle a gaba, kusan santimita 2.5 a bayan layin cibiyar nauyi. Idan ƙugiya ta faɗi, wata siririyar waya tana zare makullinsa, roba ta ja shi baya. Da wayoyi sun koma baya, hancin jirgi sai ya juya waje da da'ira, farfela ta riƙa jan jirgin nesa da kai. Jan da gudu ya daina bayarwa, inji ya karɓa. Kada mazamin ya wuce ƙeyar fuffuke ta wajen gindinsa, doka ta hana.

Ga dalili na biyu na lantarki. Injin da aka saba da shi, idan ka buɗe totur da sauri, ƙarfin juyawar farfela yana mirgina jirgi hagu, wato cikin da'ira, daidai lokacin da waya ba ta da ja. Masu injin mai sai sun nemi ƙarfen inji mai juyawa a baibai. Kai kuwa ka musanya biyu daga cikin wayoyi uku na injin lantarki don ya juya a baibai, ka sa farfelar turi, wadda aka yi don irin wannan juyi, shi ke nan: duk taka totur zai mirgina jirgin waje.

Wayoyin tuƙi na ƙarfe ne marar tsatsa mai zare 7, kauri inci 0.015 ga tsarin waya uku. In biyu ne ka haura zuwa 0.018. Ka naɗe bakinsu da siririyar wayar tagulla a kan zobe, ka auna ƙafa 60 daga tsakiyar mariƙi zuwa tsakiyar jirgi. A gama da fenti sirara biyu. Mai injin mai ya shafe hanci da gam mai haɗi biyu da aka tsinka, don mai yana jiƙa katako ya ruɓar da shi.

Fili da dandamali

Kana buƙatar fili mai faɗin mita 45 ko fiye ta kowane ɓangare. Kafin komai ka ɗaga kai ka duba wayoyin wutar lantarki na ECG. Wayar ƙarfe ce a hannunka, kuma babbar wuta ba ta jira a taɓa ta. Idan hadari ya haɗo, ka naɗe kaya. Filin jirgin Prempeh na Ɗaya yana maƙwabtaka da unguwanninmu, don haka ka nemi filin makaranta ko na ƙwallo da ke nesa da shi, ka nemi izinin hedimasta ko mai unguwa. Yara za su taru, wannan babu makawa; ka sa babba ɗaya wanda aikinsa kawai ya tsare su a bayan layi.

Dandamalin gasa ƙafa 44 ne a tsawo, 8 a faɗi, a lanƙwashe bisa da'irar. Ƙafa 24 na gaba wurin tashi ne, ƙafa 20 na baya wurin sauka, da igiyoyi 10 a gicciye, ƙafa 2 tsakanin kowace, a ɗage kamar santimita 1 daga katako, kowane baki ɗaure da jakar yashi mai fam 5, kilo 2.3. Na gaske yana cin filawud 11. Kafin ku haɗa wannan kuɗi, ku share ƙasa mai tauri ku zana shi da toka, ku kwantar da siraran sanduna a gefe biyu su ɗaga igiyoyin. Duk abin da ke wajen zanen teku ne, jirgin da ya taɓa shi ya nutse. Wurin ajiye shi: ka tsaya a tsakiya ka ba iska baya, dandamali ya kasance gabanka ya ɗan karkata hagu. Nan ne iska ke miƙe maka waya kuma jirgi ke fuskantar ta yayin sauka.

Saiti, mataki-mataki

Na farko, a gida. Ɗora jirgi a kan yatsu biyu a ƙarƙashin fuffuke, batir a ciki ko tanki babu mai. Ya daidaita a santimita 4 zuwa 4.5 daga goshi. Sa dalma giram 50 a akwatin dama. Sa wosha a ƙarƙashin notocin gaba na inji don ya kalli dama da digiri 2 ko 3. Tsayayyar wutsiya ma ta ɗan karkata dama. Rataye jirgin ta wayoyinsa: mazami a gaba, hanci ya ɗan sunkuya kaɗan, mazami a baya, ya sunkuya sosai.

Na biyu, gwajin ja. Wani ya riƙe jiki, kai ka ja mariƙi da sikelin rataya har ninki 20 na nauyin jirgi, kilo 24 ga mai kilo 1.2. Abin da zai tsinke gara ya tsinke a nan. Ka ɗaura igiyar mariƙi a wuyan hannu kowane tashi.

Na uku, tashin farko da mazami da ƙugiya a ɗaure, rabin totur zuwa sama. Zagaye ɗaya sakan 3 ne ko 4, jiri zai ɗebe ka a farko. Ka kafe ido a kan jirgi, kada ka kalli bishiyoyi. Wanda bai taɓa riƙe mariƙi ba ya fara da ƙaramin jirgin koyo, ba wannan ba. Ka sa abokinka ya tsaya waje ya duba fukafukai. In kana hango saman fuffuke daga tsakiya alhali jirgi na daidai da kafaɗarka, na hagu ya yi ƙasa, ƙara dalma. In cikinsa kake gani da yawa, rage. In jirgi na hawa da sauka da kansa duk da hannunka a tsaye, nauyi ya yi baya, matsar da batir gaba. In kuwa ka ja sama ya ƙi amsawa sai da ƙyar, hanci ya yi nauyi.

Na huɗu, rarrafe, kuma nan za ka daɗe. Ka sa matsayi a layin dogo yadda mazami zai koma baya santimita 4 kacal. Rage totur a hankali a ɓangaren da iska ke bayanka, saki ƙugiya, ka fara ɗaga hanci kana ƙara totur kaɗan-kaɗan. Abin da sabon shiga ke kasa ganewa shi ne a rarrafe ayyuka sun musanya: mariƙi ne ke rage gudu, totur ne ke riƙe tsawo. Jirgi yana nitsewa, ƙara totur, kada ka ƙara jan hanci. Idan ya zauna daidai za ka gan shi kamar dokin hawan sallah da aka ja wa linzami, gaba a sama, yana takawa da ƙyar. Doka ta ce hanci kada ya wuce digiri 60, kuma jirgi kada ya tsaya cak ko ya ja da baya.

Kowane tashi ka canja abu ɗaya tak, ka rubuta a littafi tare da sakan ɗin da aka auna. Matsar da mazami baya santimita 1, gwada. Ƙara dalma giram 10, gwada. Matsar da cibiyar nauyi baya milimita 3, gwada. Yawanci tana ƙarewa tsakanin santimita 5 da 6 daga goshi. In hanci ya ƙi tsayawa sama, nauyi na gaba da yawa ko leɓen wutsiya ya yi kaɗan. In jirgi na lilo hagu da dama, mazami ya wuce gona da iri ko dalma ta yi yawa, koma baya mataki ɗaya. In waya na saki a ɓangaren da iska ke fitowa, nan ne wuri mafi haɗari a da'irar: ka shiga shi da ɗan ƙarin gudu, hanci ƙasa kaɗan, ka ajiye jinkirin sai inda jirgi ke fuskantar iska. Ja da baya taku ɗaya yana ceton jirgi a lokacin koyo, amma a gasa ba a yarda ka yi ta yawo a tsakiya ba.

Sassafe bayan asuba ya fi, kafin iska ta tashi. Da hunturu ƙura na shiga kafireta da mazami, ka wanke layin dogo, kada ka sa masa mai mai kauri. Mai injin mai ya tabbata inji na iya minti biyar a ƙaramin totur hanci a sama, sannan ya amsa nan take in an buɗe. In yana tari, rage mai a ƙaramar allurar kafireta kaɗan-kaɗan.

Na biyar, sauka. Ka sa alama a ƙasa inda in ka tsaya, ka miƙe hannu, jirgi zai bi tsakiyar dandamali. Faɗin ƙafa 8 ba shi da yawa daga nisan ƙafa 60. Bayan zagaye na 7 ka ɗaga hannu ka sanar da alƙali, domin duk zagayen da ka wuce bayan sanarwa ana rage maka maki. Kada ka zo da hanci a digiri 60, wutsiya za ta daki bakin dandamali. Ka sauke hanci zuwa kamar digiri 20, ka taho a tsawon ƙugu, kana saukowa a hankali cikin rubu'in zagaye na ƙarshe. Ka nufi igiya ta uku ko ta huɗu, ba ta farko ba. Da jirgi ya haye bakin baya, rufe totur, ka bar shi ya faɗa. Ya tsaya a kan ƙafafunsa ƙugiya riƙe da igiya, maki 100. Ya kife a kan hanci, 50. Ya juye a bayansa ko taya ɗaya ta fita daga dandamali, 25. In yana yawan kifewa da hanci, matsar da tayoyi gaba santimita 1, ko ka duba gindin ƙugiya, wataƙila ya yi sama da yawa a jiki. Bayan kowace sauka ka taɓa notin belkiran da gindin ƙafafu, ka bi wayoyi da tsumma daga jirgi zuwa mariƙi. Wayar da ta yi ƙulli ko zare ɗaya ya tashi a jikinta, a yanke ta a sa sabuwa kafin tashi na gaba.